Masaukin Masu Jinya: Tarihin Gidajen Iyalan Sojojin da Suka Ji Rauni a Birtaniya

A Birtaniya, sojan da ya ji mummunan rauni a fagen fama yakan shafe watanni, wani lokaci ma shekaru, tsakanin gadon asibiti da cibiyar gashin ƙashi. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin maganinsa tun daga ranar da aka ɗauko shi. Amma inda matarsa da 'ya'yansa da iyayensa za su sauka su kwana kusa da shi a tsawon wannan jinya, al'amari ne da ya daɗe ba shi da mai shi. Ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni da talakawa masu ba da taro da sisi ne suka riƙa toshe wannan giɓi, sannu a hankali, cikin shekaru fiye da 300. Da farko an raba mai rauni da iyalinsa aka killace shi. Daga baya aka gina masa gida da zai zauna da su. A ƙarshe aka fahimci cewa iyalin kansu suna buƙatar masauki tun yana kwance, kuma wannan masauki dole ya kasance a wata unguwa, kusa da wasu maƙwabta, waɗanda ba lallai ne su yi maraba da shi ba.

Gidajen 'yan mazan jiya na farko

Sarki Louis na 14 na Faransa ne ya fara gina katafaren gida domin tsofaffi da naƙasassun sojoji, wato Invalides da ke Paris, wanda ya ba da umarnin gina shi a 1670. Sarki Charles na 2 na Ingila ya bi sahu a 1682, ya kafa Asibitin Sarki na Chelsea a Landan. Christopher Wren ne ya zana ginin, kuma a 1692 aka shigar da mazauna na farko. Bayan shekara biyu, a 1694, aka kafa irinsa a Greenwich domin sojojin ruwa.

Ko da yake ana kiran waɗannan wurare asibiti, sun fi kama da bariki. A Chelsea a wancan zamani, kowane tsohon soja yana da ɗan ɗaki na katako, ƙafa shida a tsaye ƙafa shida a kwance, jere da na 'yan'uwansa a cikin dogon zaure. Yana sanya kayan sarki, yana cin abinci tare da saura, yana bin umarnin shugabanni kamar yadda ya saba a bakin aiki. Babu wurin mace ko yaro a wannan tsari. Har yau, wanda zai shiga Chelsea sai ya sallama fanshonsa na soja, kuma sai ya kasance ba ya ɗauke da nauyin ciyar da iyali. Mazauna wurin sun kai kimanin 300, kuma sai a 2009 aka fara karɓar mata tsofaffin sojoji.

Wannan tsari ya yi daidai da yadda rundunar ke kallon aure a lokacin. A ƙarni na 18 da na 19, ƙaramin soja ba ya aure da sanin hukuma sai da izinin kwamandansa, kuma kaɗan ake ba izinin. Idan za a tafi yaƙi ƙasar waje, mata kamar shida ne kacal cikin kowane maza ɗari ake bari su bi mazajensu, kuma ƙuri'a ake jefawa a zaɓe su. Sauran sai a bar su a bakin tashar jirgin ruwa, su san inda dare ya yi musu. Matar da aka aura ba da izini ba kuwa, hukuma ba ta ma san da zamanta ba.

Wasiƙar Gildea da haihuwar SSAFA

Yaƙin Kirimiya ya fara sauya tunanin jama'a. A 1854 aka kafa asusun tallafa wa marayu da matan da mazajensu suka mutu a wannan yaƙi, daga baya kuma aka gina babban asibitin soja na Netley a kusa da Southampton, wanda aka buɗe a 1863. Duk da haka, iyalin sojan da ke raye bai da wata madogara.

A watan Janairun 1885 dakarun Mahadi suka ci Khartoum a Sudan, aka kashe Janar Gordon. Birtaniya ta shirya ƙarin sojoji zuwa Masar da Sudan. A watan Fabrairu wani hafsa, Manjo James Gildea, ya rubuta wasiƙa a jaridar The Times yana roƙon kuɗi da 'yan sa-kai domin kula da matan da 'ya'yan da waɗannan sojoji za su bari a gida. Daga wannan wasiƙa aka kafa ƙungiyar iyalan sojojin ƙasa da na ruwa, kuma Gimbiya Alexandra, wadda daga baya ta zama sarauniya, ta zama shugabarta ta farko. A 1919 aka haɗa da iyalan sojojin sama. Ita ce ƙungiyar da aka fi sani yau da SSAFA. Tun farkon ƙarni na 20 ta shiga harkar gidaje, inda ta gina masauki a Wimbledon domin matan hafsoshin da suka rasu da 'ya'yansu mata.

Babban abin da Gildea ya kawo shi ne ɗaukar iyalin soja a matsayin masu haƙƙi a kan al'umma, ko da hukuma ta san da aurensu ko ba ta sani ba. A kan wannan tubali aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da gidajen zama da iyali

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya dawo wa Birtaniya da naƙasassu masu yawan da ba ta taɓa gani ba. Waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa kaɗai sun haura 41,000. A 1915 aka buɗe asibitin Roehampton domin haɗa ƙafafu da hannayen roba. A Janairun 1916 aka mayar da tsohon otal ɗin Star and Garter da ke Richmond gidan waɗanda suka shanye, aka fara da mutum 65. Yawancin waɗannan maza ba tsofaffi ba ne irin na Chelsea. Samari ne da magidanta da suka baro gona da masana'anta da kanti, da yawansu da mata da ƙananan yara. Killace su a dogon zaure har ƙarshen rayuwa ba zai yiwu ba.

Oswald Stoll, mai gidajen wasan kwaikwayo, yana cikin waɗanda suka fara gane haka. A 1916 ya ba da fili a Fulham, kusa da filin ƙwallon Chelsea, aka tara kuɗin gini ta hanyar sayar da ƙananan tambura da mutane ke liƙawa a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Aka gina gidaje masu arhar haya, da wurin shan magani a harabar, domin naƙasasshen soja ya zauna da iyalinsa ba tare da ya rasa kulawar likita ba. A Lancaster, Thomas Mawson, masanin tsara lambuna wanda ɗansa ya mutu a yaƙin, ya kawo shawarar gina ƙauyuka na musamman masu gidaje da wuraren sana'a. Iyalan Storey suka ba da fili, aka kafa ƙauyen Westfield a 1919, tsohon babban kwamandan sojojin Birtaniya Haig ya buɗe shi a 1924. A jikin gidajensa akwai alluna ɗauke da sunayen fagagen fama da na mamatan da aka gina su domin tunawa da su. A Hampshire ma an kafa ƙauyen Enham a 1919. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara masa suna ya zama Enham Alamein, saboda kyautar kuɗi da aka aiko daga Masar domin godiya ga nasarar El Alamein ta 1942. Bayan rasuwar Haig a 1928 kuma aka kafa gidauniyar gidaje da sunansa a 1929, wadda yau take da gidaje fiye da 1,500.

Gwamnati ma ta yi nata alkawari. A Nuwamban 1918 Firayim Minista Lloyd George ya ce za a mayar da Birtaniya ƙasar da ta dace da zaman jarumai. Dokar gidaje ta 1919, wadda ake kira da sunan minista Addison, ta yi niyyar gina gidaje 500,000, amma tsuke bakin aljihu ya sa aka tsaya a kimanin 213,000.

Akwai wani ƙaramin aiki na wannan zamani da ya fi kusa da masaukan yau. Idan soja ya kwanta rai a hannun Allah a wani asibitin Faransa, akan aika wa danginsa saƙo tare da izinin tsallaka teku su gan shi. Ƙungiyar YMCA ta buɗe masaukai a garuruwan da asibitocin suke, tana tarbar iyaye da mata, ta ba su ɗaki da abinci, ta kai su bakin gadon nasu. Da yaƙi ya ƙare, wannan aiki ya tsaya.

Headley Court da rufe asibitocin soja

Headley Court babban gida ne a yankin Surrey, kudu da Landan, kusa da Leatherhead. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 19 domin Walter Cunliffe, wanda daga baya ya zama gwamnan Bankin Ingila. Sojojin Kanada sun zauna a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin aka saye shi da kuɗin da jama'a suka tara domin karrama matuƙan jiragen yaƙi, aka mayar da shi wurin farfaɗo da sojojin sama da suka ji rauni. A hankali ya zama babbar cibiyar gashin ƙashi da koyon tafiya da ƙafar roba ta rundunonin ƙasar baki ɗaya.

Bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, gwamnati ta rage yawan sojoji, ta kuma rufe asibitocinsu ɗaya bayan ɗaya. An rufe asibitin Cambridge na Aldershot a 1996. Asibitin Haslar, na ƙarshe, ya fita daga hannun soja a 2007. Aka koma kai masu rauni asibitocin gwamnati na kowa da kowa, kuma daga 2001 asibitin Selly Oak da ke Birmingham ya zama inda ake sauke waɗanda aka kwaso daga ƙasashen waje.

Ana cikin haka aka shiga yaƙin Afganistan a 2001 da na Iraƙi a 2003. Birtaniya ta rasa sojoji 179 a Iraƙi, da fiye da 450 a Afganistan, akasarinsu bayan an tura dakaru lardin Helmand a 2006. Nakiyoyin da ake binnewa a gefen hanya su suka fi yin ɓarna. A lokaci guda kuma aikin ceton rai ya ci gaba ƙwarai: kowane soja na ɗauke da maɗaurin tsayar da jini, jirgi mai saukar ungulu na zuwa da likita a ciki, akwai asibitin tiyata a sansanin Bastion, sannan babban jirgi ya kawo mutum Birmingham, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutanen da a yaƙe-yaƙen baya da sun mutu a fili, yanzu suna rayuwa ba ƙafafu biyu, wasu har da hannu, wasu da rauni a ƙwaƙwalwa.

Wannan ya ɗora wa iyalai nauyin da ba a yi tanadinsa ba. Sojan Birtaniya na iya fitowa daga Sikotilan ko Ireland ta Arewa, iyalinsa na iya zama a barikin Jamus, akwai kuma 'yan Fiji da Nepal da Ghana da sauran ƙasashe da ke aiki a rundunar. Uwa ko mata takan samu kira cikin dare, ta kama hanyar garin da ba ta san kowa ba, ta zauna makonni. Mai karatu da ya san yadda masu jinya ke shimfiɗa tabarma a barandar asibiti zai gane buƙatar, sai dai a Ingila asibiti ba ya barin haka, sanyi ma ba zai bari ba. Abin da ya rage shi ne otal, da tsadarsa, da matattakalarsa da keken guragu ba ya hawa. Ɗakunan baƙi na Headley Court kaɗan ne, ba su isa ba.

Misalin Amurka

Amurka ta riga Birtaniya samo mafita. Pauline Trost, matar babban hafsan sojojin ruwa, ta lura da halin da iyalai ke shiga a asibitin soja na Bethesda saboda tsadar masauki. Maganar ta kai kunnen Zachary Fisher, attajiri mai harkar gine-gine a New York, da matarsa Elizabeth. A 1990 suka fara shirin da ake kira Fisher House, a 1991 aka buɗe gida na farko a Bethesda, na biyu ya biyo baya a asibitin Walter Reed. Tsarin shi ne gidauniya ta gina gida a cikin filin asibiti, ta miƙa wa gwamnati kyauta, gwamnati ta riƙa gudanar da shi. Kowane iyali na da ɗakin kwana da banɗakinsa, amma kicin da falo da wurin wanki na kowa ne. Gidajen sun haura 90, har da na Landstuhl a Jamus. Kasancewarsu a filin gwamnati ya sa ba kasafai suke haɗuwa da ƙorafin maƙwabta ba. A Surrey ba a samu wannan sauƙi ba.

Rigimar Ashtead ta 2007

A ranar 24 ga Yulin 2005, Kyaftin Peter Norton, ƙwararren mai kwance bam, ya je binciken wurin da nakiya ta hallaka sojojin Amurka a kusa da Bagadaza. Ya taka wata nakiyar da aka binne, ya rasa ƙafarsa ta hagu da wani sashe na hannun hagu. Yana kwance cikin jini ya ci gaba da gargaɗin mutanensa kada su matso, aka kuwa gano wata nakiyar kusa da wurin. An ba shi lambar George Cross a 2006. Wahalar da matarsa Sue ta sha wajen zirga-zirga da ƙananan yara zuwa wurin jinyarsa ce ta sa ta matsa wa SSAFA lamba a samar da gidan saukar iyalai.

A 2007 ƙungiyar ta samu wani babban gida na kimanin fam miliyan 1.7 a layin Grays Lane da ke Ashtead, 'yan kilomitoci daga Headley Court. Unguwa ce ta masu hali, shiru, mai manyan gidaje da itatuwa. A dokar tsara birane ta Ingila, wadda asalinta ke komawa 1947, ba a mayar da gidan iyali ɗaya masaukin baƙi sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma ana ba maƙwabta dama su rubuto ra'ayinsu. SSAFA ta miƙa takardunta ga ƙaramar hukumar Mole Valley.

Wasiƙun ƙin amincewa kimanin 80 suka shigo. Dalilan sun kasu gida huɗu. Na farko, yawan motoci a layin da ba shi da faɗi. Na biyu, hayaniya da shige da ficen baƙin fuska, abin da suka ce zai sauya yanayin unguwar. Na uku, faɗuwar darajar gidajensu. Na huɗu, tsoron kada gidan ya jawo harin 'yan ta'adda.

Kowane dalili yana da matsayinsa a doka. Cunkoson motoci da hayaniya da yanayin unguwa abubuwa ne da hukumar tsara birane ke dubawa a kowace buƙata, ko ta gidan marayu ce ko ta otal. Darajar gida kuwa ba ta cikin abin da doka ta yarda a yi hukunci da shi. Batun tsaro ma bai faɗo daga sama ba: a Yulin 2005 an kashe mutum 52 a hare-haren Landan, a Janairun 2007 an kama wasu a Birmingham bisa shirin sace wani soja Musulmi su kashe shi, a ƙarshen Yunin wannan shekara kuma aka kai hari filin jirgin saman Glasgow. Sai dai babu abin da ya nuna cewa gidan da mata da yara za su kwana ya fi sauran wuraren soja na yankin shiga haɗari. Ma'aikatan tsara birane na ƙaramar hukumar, bisa ƙa'idojinsu na yanayin unguwa, sun ba da shawarar a ƙi buƙatar.

Da labari ya fita a jaridu, ƙasa ta ɗauka. Sojoji da 'yan mazan jiya da iyalansu suka tashi tsaye. Dubun dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke zuwa ofishin Firayim Minista, wasiƙun goyon baya suka rinjayi na adawa nesa ba kusa ba. Mutanen Ashtead da yawa suka fito suka ce masu ƙorafin ba da yawunsu suke magana ba. Abin ya kuma wuce gona da iri ta wani ɓangaren, domin an yi wa garin kuɗin goro ana zagi, har da waɗanda ba su ce uffan ba. Hujjar masu goyon baya a fili take: baƙin da za su sauka iyaye ne da mata da yara da ke yini a asibiti su dawo a gajiye, kuma mutanen da ake zuwa dubawa sun rasa gaɓoɓinsu ne a aikin da ƙasa ta aike su.

A ranar 1 ga Agustan 2007 kwamitin kansiloli ya zauna a gaban jama'a, ya ajiye shawarar ma'aikatansa, ya ba da izini. Aka gyara gidan yadda keken guragu zai shiga ko'ina, aka buɗe shi a farkon 2008 da sunan Norton House. A 2009 aka buɗe na biyu mai wannan suna kusa da asibitin Selly Oak.

Amfanin irin wannan gida ya wuce wurin kwana. A nan ne mutumin da ke koyon tafiya da ƙafar roba zai fito daga ɗakin marasa lafiya ya yi ƙarshen mako da iyalinsa, ya gwada shiga wanka da kansa, ya zauna a tebur ya ci abin da matarsa ta dafa, 'ya'yansa su saba da ganin sabon jikinsa kafin ya koma gida gaba ɗaya. A kicin ɗin kuma matar da ta iso jiya takan tarar da wadda ta yi wata shida tana wannan hanya, ta ji daga bakinta abin da ke gaba.

Abin da rigimar ta haifar

Shekarar 2007 ta zama mararraba a dangantakar sojoji da farar hula. Tun watan Afrilu mutanen garin Wootton Bassett suka fara tsayawa a bakin titi suna girmama gawarwakin sojojin da ake wucewa da su. A Satumba babban hafsan sojojin ƙasa, Janar Richard Dannatt, ya yi kashedin cewa tazara na ƙaruwa tsakanin runduna da al'umma, ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Royal British Legion kuma ta ƙaddamar da gangamin neman a cika alkawarin da ke tsakanin ƙasa da sojojinta. A Oktoba Bryn da Emma Parry suka kafa Help for Heroes, da burin gina wurin iyo a Headley Court, domin har lokacin ana kai masu rauni wurin iyon jama'a ne a Leatherhead. A Nuwamba aka ruwaito cewa wasu masu zuwa wurin sun yi ƙorafin an tare musu wani sashe saboda sojojin, abin da ya ƙara hura wutar. An kammala ginin wurin iyon na Headley Court na fam miliyan 8, Yarima William ya buɗe shi a 2010.

Gwamnati ma ta motsa. A 2008 aka ninka mafi girman diyyar rauni daga fam 285,000 zuwa 570,000. A 2011 aka wallafa yarjejeniyar ƙasa da rundunoninta, aka kuma ambace ta a dokar soja ta wannan shekara. Ginshiƙanta biyu ne: kada aikin soja ya jawo wa mutum ko iyalinsa tauyewa wajen samun hidimomin gwamnati, kuma masu rauni da iyalan mamata sun cancanci kulawa ta musamman a wasu lokuta. Ƙananan hukumomi suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Dokar 2021 ta wajabta musu la'akari da wannan yarjejeniya a harkar gidaje da lafiya da ilimi, ta fara aiki a Nuwamban 2022.

Daga Ashtead zuwa Stanford Hall

Gine-ginen da suka biyo baya sun bi tsarin Amurka na ajiye masauki a jikin asibiti. A 2010 aka mayar da jinyar sojoji sabon asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Birmingham. A 2013 aka buɗe Fisher House a harabarsa, mai ɗakunan kwana 18, da kuɗin gidauniyar asibitin da Help for Heroes da gidauniyar Fisher ta Amurka. Yarima Charles ne ya buɗe shi. Daga gidan zuwa asibitin tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, kuma ba a karɓar kuɗin kwana.

Headley Court kansa ya yi wa aikin kaɗan. Gerald Grosvenor, basaraken Westminster na shida, wanda ya daɗe a rundunar sa-kai, ya sayi Stanford Hall a kusa da Loughborough a 2011, ya jagoranci tara kimanin fam miliyan 300 domin gina sabuwar cibiya, shi kansa ya ba da kaso mai tsoka. Ya rasu a 2016 kafin a gama. A 2018 aka miƙa ginin ga ƙasa, aka kwashe marasa lafiya zuwa can, aka rufe Headley Court. Aikin gidan Ashtead ya ƙare tare da shi bayan kimanin shekara goma, SSAFA ta buɗe wani Norton House kusa da sabuwar cibiyar.

Har yanzu rabon aiki bai sauya daga yadda Gildea ya same shi ba: magani da fansho da diyya na gwamnati ne, masaukin iyali kuwa akasari na ƙungiyoyin agaji ne, yana dogara ga abin da jama'a suka bayar. Gudummawar takan ƙaru idan ana yaƙi ana ganin masu rauni a talabijin, ta ragu idan an yi shiru. Birtaniya ta kawo ƙarshen faɗa a Helmand a 2014, amma waɗanda suka rasa gaɓoɓi a can suna 'yan shekara ashirin da wani abu za su ci gaba da komawa asibiti domin tiyata da sauyin ƙafar roba har tsufansu. Baƙin waɗannan gidaje a yau sun haɗa da iyalan waɗanda suka ji rauni a atisaye ko hatsarin mota, da masu fama da cutar daji da sauran cututtuka masu doguwar jinya.